KUƊIN SHELA: ABIN DA YA FARU A INGILA, DA DARASIN DA KE CIKI



Kowa ya san sankira. Ranar kasuwa, in mai gari yana da saƙo, sai ya kira shi. Sankira ya ɗauki gangarsa, ya bi rumfa-rumfa yana faɗin saƙon. In ya gama, a ba shi goro. Aikinsa ne, dole a biya shi.

Gwamnati ma tana da masu yi mata shela. Akwai gidan rediyo, da talabijin, da jarida, da allunan bakin hanya. Akwai kuma ma'aikata masu yawo gari-gari suna tara jama'a. Su ma biyansu ake yi. Kuɗin daga baitulmali suke fitowa, wato daga lanho da kuɗin duwan da jama'a ke biya. Ashe kuɗin shela kuɗin talakawa ne. Don haka talaka yana da ikon ya tambaya ko an kashe su yadda ya kamata.

Darasinmu na yau a kan wata shela ce mai tsada ƙwarai. An yi ta a ƙasar Birtaniya, wadda muka fi sani da Ingila, a shekara ta 2019. An yi ta don ƴan kasuwa da sauran jama'a su shirya, saboda dokokin ciniki za su sake. Ku bi labarin sannu-sannu. A ƙarshe akwai lissafi da tambayoyi.

1. ME YA SA AKA YI SHELAR?

Ƙasashen Turai suna da wata babbar ƙungiya, sunanta Tarayyar Turai. A cikinta, kaya suna fita daga wata ƙasa su shiga wata ba tare da kuɗin duwan ba. Ba a cika takardun duwan. Mota ta ɗauki kaya a Ingila ta kai Faransa ko Jamus, kamar dai ba ta bar ƙasarsu ba. Ingila ta shiga wannan ƙungiya a 1973.

Ran 23 ga Yuni 2016, aka tambayi mutanen Ingila ta hanyar ƙuri'a: a zauna cikin ƙungiyar, ko a fita? Cikin kowane mutum 100 da suka jefa ƙuri'a, wajen 52 suka ce a fita, 48 suka ce a zauna. Masu son fita suka yi rinjaye.

Fita ba wuya a baki, amma ga ɗan kasuwa babban abu ne. Ingila tsibiri ce, ruwa ya kewaye ta. Kaya masu yawa suna bi ta tashar jirgin ruwa ta garin Doba, su tsallaka zuwa garin Kale a Faransa. A ranar da ciniki ya yi yawa, manyan motoci wajen 10,000 ne ke bi ta Doba. In ƙasar ta fita daga ƙungiya, kowace mota sai ta nuna takardu. Amma dubban ƴan kasuwa ba su taɓa cika takardar duwan ba, tunda shekara da shekaru ba a tambayarsu.

A watan Yuli 2019, Boris Johnson ya zama firaminista, wato shugaban gwamnati. Ya ce ƙasar za ta fita ran 31 ga Oktoba 2019, ko an daidaita da Tarayyar Turai ko ba a daidaita ba. Saura wata uku ke nan. Sai gwamnati ta ce a yi babbar shela, kowa ya ji.

2. NAWA AKA KASHE?

Kuɗin Ingila sunansa fam. A lokacin, fam 1 ya kai wajen sefa 750, wato dala 150.

Gwamnati ta ware fam miliyan 100 don shelar. A kuɗinmu, wajen miliyar 75 ke nan na sefa. Aka fara ran 1 ga Satumba 2019. Babban saƙon gajere ne: ku shirya, ƙasa za ta fita ran 31 ga Oktoba. Aka sa shi a rediyo da talabijin da jaridu. Aka manna shi a manyan alluna a bakin hanyoyi da tashoshi. Aka sa shi a intanet, inda mutane ke karanta labari a wayar salula. Aka kuma aika ma'aikata birni-birni suna taro da ƴan kasuwa. Wasu suka zauna a wuraren da direbobin manyan motoci ke hutawa, suna yi musu bayani.

Ran 28 ga Oktoba 2019, saura kwana 3, sai aka ɗaga ranar fita zuwa 31 ga Janairu 2020. Nan take aka tsayar da shelar. Ba a kashe kuɗin duka ba. An kashe fam miliyan 46, wato wajen miliyar 34 da rabi na sefa, cikin kwana 58. In aka raba, kowace rana ta ci wajen miliyan 600 na sefa.

Mutanen ƙasar a lokacin sun kai wajen miliyan 67. In aka raba kuɗin a kansu, kowane mutum, babba da yaro, ya biya wajen dala 100. A kan mutum ɗaya ba yawa. Amma in aka tara, dukiya ce mai gina makarantu da gidajen likita da rijiyoyi masu yawa.

3. ME MASU BINCIKE SUKA GANO?

A Ingila akwai wani ofishi mai binciken kuɗin gwamnati. Ba a ƙarƙashin minista yake ba. Ga majalisar dokoki yake kai rahotonsa, kuma kowa yana iya karantawa. A watan Janairu 2020, ya fitar da abin da ya gano game da shelar.

Abu na farko: mutane sun ji. Fiye da rabin waɗanda aka tambaya sun tuna da shelar. Cikin 100, fiye da 70 sun san ranar da aka ce za a fita.

Abu na biyu: jin bai sa sun motsa ba. An yi ta tambayar jama'a ko sun nemi bayanin abin da za su yi. Tun daga farkon shelar har ƙarshenta, waɗanda suka ce sun nema ba su wuce 32 zuwa 37 cikin 100 ba. Ranar da aka tsayar da ita, 34 ne. Wato kusan mutum 1 cikin 3, kamar yadda yake tun farko.

Saboda haka masu binciken suka ce gwamnati ba ta iya nuna cewa tallar rediyo da talabijin da alluna ta sa jama'a sun ƙara shiri sosai ba. Sun ga kuma cewa kuɗi mafi yawa sun tafi a kan wannan talla. Taron da ake yi da ƴan kasuwa ido da ido bai samu kamar haka ba.

Ku riƙe wannan da kyau. Ji daban, shiri daban. Mutum yana iya jin ganga daga gonarsa, amma bai san abin da sankira ya faɗa ba.

4. ME YA HANA MUTANE SHIRI?

Dalili na farko, ranar ba ta tabbata ba. Da farko an ce za a fita ran 29 ga Maris 2019. Aka ɗaga zuwa 12 ga Afrilu. Aka sake ɗagawa zuwa 31 ga Oktoba. Wasu ƴan kasuwa sun riga sun cika rumbunansu da kaya a watan Maris, ranar ta zo ta wuce ba abin da ya faru. Ga shi kuma ran 9 ga Satumba 2019, kwana 8 bayan fara shelar, wata doka ta fito daga majalisa. Dokar ta ce in ba a daidaita da Tarayyar Turai ba, dole firaminista ya roƙi a ƙara lokaci. To, alluna suna cewa 31 ga Oktoba, majalisa tana cewa a dakata. Wa ɗan kasuwa zai bi? Da yawa suka ce bari su jira su gani.

Dalili na biyu, saƙon bai faɗi aikin da za a yi ba. An ce ma kowa ya shirya. Amma shirin mai sayar da kifi daban ne da na mai sayar da tufafi. Shirin direba daban ne da na makiyayi. Kowa sai ya je intanet da kansa ya nemi abin da ya shafe shi. Babban kamfani yana da ma'aikata masu yi masa wannan. Ƙaramin ɗan kasuwa shi kaɗai ne a shagonsa, daga safe har dare.

Ga shaida. Inda aka faɗi aiki guda a fili, mutane sun yi. An ce masu tafiya su duba fasfo ɗinsu, in ya kusa ƙarewa su sake. An ce direbobi su karɓi takardar tuƙi ta ƙasashen waje. Masu binciken sun ga cewa masu neman waɗannan takardu sun ƙaru.

Ga wata shaidar. Duk mai fitar da kaya yana bukatar lambar duwan, wadda ake rubutawa a kan takardunsa. An daɗe ana cewa ƴan kasuwa su zo su karɓa, da yawa ba su zo ba. A watan Agusta 2019, sai hukumar duwan ta daina jira. Ta ba kamfanoni fiye da 88,000 lambobinsu, ta aika musu da wasiƙa. Abin da kira ya kasa yi, wasiƙa ta yi shi.

5. RANAR DA SABUWAR DOKA TA FARA AIKI

Ingila ta fita ran 31 ga Janairu 2020. Amma aka bar tsofaffin dokokin ciniki suna aiki har 31 ga Disamba 2020, don kowa ya kintsa. A watan Yuli 2020 gwamnati ta fara wata sabuwar shela. A watan Oktoba ta ƙara wata ga ƴan kasuwa, tana cewa lokaci yana ƙurewa. Wannan karon ta faɗa a fili cewa takardun duwan za su zama dole, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Sai dai shekarar cutar korona ce. Shaguna da yawa a rufe suke, masu su suna ta kansu.

Ba a daidaita da Tarayyar Turai ba sai ran 24 ga Disamba 2020, saura mako ɗaya. Takardar yarjejeniyar ta fi shafi 1,200. Ta ce ba za a biya kuɗin duwan a kan kayan da aka yi a ɓangarorin biyu ba. Amma dole a nuna inda aka yi kayan. Nama da kifi da madara kuma sai da takardar lafiya, mai sa hannun likitan dabbobi ko wani ma'aikacin hukuma.

Ran 1 ga Janairu 2021 sabuwar doka ta fara aiki. Ga kaɗan daga abin da ya biyo baya.

Masunta na yankin Sikotland, a arewacin ƙasar, suna sayar da kifi da ƙaguwa a Faransa da Sifen. Da, kwana ɗaya kaya sun isa kasuwa. Yanzu motoci suka tsaya kwanaki suna jiran takardu. Kifi kuwa ba ya jira. Wasu kaya suka lalace, farashi ya faɗi. Ran 18 ga Janairu 2021, masu kifin suka kai manyan motocinsu birnin Landan, suka jera su kusa da majalisa don nuna fushinsu. Gwamnati ta ware fam miliyan 23 don ta rage musu hasara.

A ƙasar Holan, ƴan duwan suka riƙa karɓe burodi da nama daga hannun direbobin da suka fito daga Ingila. Guzurinsu ne na hanya. Amma sabuwar doka ta hana shiga da nama ba takarda, ko da ɗan kaɗan ne.

A wannan wata na Janairu, kayan da Ingila ke sayarwa a Tarayyar Turai suka ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Ba takardu kaɗai suka jawo haka ba. Korona ta taimaka, kuma masu saye da yawa sun riga sun tara kaya tun Disamba. Daga baya ciniki ya ɗan farfaɗo. A watan Fabrairu 2021, gwamnati ta ware fam miliyan 20 don ƙananan ƴan kasuwa. Kowane yana iya samun har fam 2,000, ya biya wanda zai koya masa cika takardun duwan. Taimako ne mai kyau, amma ya zo bayan doka ta fara aiki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

6. MU MA DOKOKIN CINIKI SUNA SAKEWA A WAJENMU

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne, bai shafe mu ba. Kada kuma wani ya ce shela ɓarnar kuɗi ce, gara a bari. Mu nan mun san abin da rashin shela ke jawowa.

Dattawa suna tune da watan Afrilu 1984. Najeriya ta sake launin takardun naira, ta rufe iyakokinta. Ba a kai mako biyu ba aka daina karɓar tsofaffin takardu. Mutanenmu da yawa masu ajiyar naira suka yi hasara. Ba a buɗe iyakar ba sai 1986.

A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Da, tamma 1 ta Faransa sefa 50 ce. Aka wayi gari ta zama sefa 100. Kayan waje suka yi tsada nan da nan.

A watan Agusta 2019, kwanaki kaɗan kafin Ingila ta fara shelarta, Najeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa don hana shigar da shinkafar waje. Ƴan kasuwa ba su samu lokacin shiri ba. Masu dabbobi da wake da albasa na Maraɗi da Damagaram da Tawa suka rasa hanyar kai kayansu. Sai ran 16 ga Disamba 2020 aka fara buɗewa. Cikin ƙofofin farko akwai Illela, kusa da Ƙonni, da Maigatari, ta wajen jihar Damagaram.

Akwai kuma sauyin da aka sanar tun da wuri. Ran 7 ga Yuli 2019, shugabannin Afirka suka taru a Yamai, suka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda ake kira ZLECAF. Daga baya aka sa ran 1 ga Janairu 2021 ranar fara ciniki a ƙarƙashinta, rana ɗaya da sabuwar dokar Ingila. Manufarta a rage kuɗin duwan tsakanin ƙasashen Afirka sannu a hankali. Amma mai son cin moriyarta sai ya nuna takardar shaidar inda aka yi kayansa. Sunan ZLECAF ya shiga kunnen mutane da yawa. Su nawa ne a garinku suka san wannan takarda? Ran 29 ga Janairu 2025 kuma, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar CEDEAO. Duk irin wannan sauyi, ɗan kasuwa yana bukatar ya san abin da ya sake da abin da bai sake ba.

7. YADDA ZA MU GANE SHELA MAI AMFANI

In an yi shela a kan sabuwar dokar ciniki, ku auna ta da tambayoyi 5:

1. Mene ne zai sake?
2. Wace rana zai sake, kuma ranar ta tabbata?
3. Wa abin ya shafa: mai dabbobi, mai albasa, ko direba?
4. Wace takarda ake bukata, a wane ofishi, kuma nawa ake biya?
5. In ban gane ba, wa zan tambaya?

Shelar da ta amsa waɗannan da harshen da mutane ke ji, kuɗinta ba su tafi banza ba. Wadda ta ce ku shirya kawai, ta yi rabin aiki. Sauran rabin shi ne ma'aikaci ya zo kasuwa, ya zauna da masu kaya, ya nuna musu takardar, su cika ta tare. Bayan haka a koma a ƙidaya, ba waɗanda suka ji ba, waɗanda suka yi.

Mu ma muna da namu aikin. In kun ji sanarwa a rediyo, ku rubuta ranar da sunan takardar a littafinku. Ku kawo maganar cibiyar yaƙi da jahilci a tattauna. In ba a gane ba, ƙungiyarku ta aiki mutum biyu su je ofishin duwan ko gidan magajin gari su tambaya. In kun biya kuɗi, ku karɓi takardar shaida, ku karanta adadin da aka rubuta. Kada ku dogara da jita-jitar tasha. Matambayi ba ya ɓata. Wannan yana cikin amfanin karatun da kuke yi.

LISSAFI

1. An ware fam miliyan 100. An kashe miliyan 46. Nawa suka rage?
2. Fam 1 sefa 750 ne. Ɗan kasuwa ya samu taimakon fam 2,000. Jika nawa ke nan?
3. Cikin mutum 100, mutum 34 sun nemi bayani. Mutum nawa ne ba su nema ba?
4. Wani yana da buhu 40 na albasa. Motarsa ta tsaya a iyaka saboda rashin takarda, buhu 1 cikin kowane 4 ya ruɓe. Buhu nawa ya rasa?

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Daga ina gwamnati ke samun kuɗin da take yin shela da su?
2. Me ya sa mutanen Ingila da yawa suka ji shelar amma ba su shirya ba?
3. A garinku, ta wace hanya labarin sabuwar doka ya fi saurin isowa: rediyo, wayar salula, mai gari, ko kasuwa?
4. Wanda ke tune da rufe iyaka na 2019, ya ba sauran labarin abin da ya same shi. Da an sanar da shi tun da wuri, me zai yi?

Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna. Ku aiko mana da amsoshinku ta hannun malaminku. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai fitowa ta gaba.